Abin da Baba Direba Ya Bari

Gwangwanin ya faɗo ne daga kan kanta lokacin da Maman Biyu ke goge ƙura. Murfin ya yi gefe, takardu biyar suka watse a ƙasa. Huɗu na nan a naɗe. Ta biyar ce ta buɗe, kuma ko makaho ya shafa ya san rubutun surukinta ne, Baba Direba, manyan haruffa irin na bayan tirela. Kalma ɗaya ce tak: GISHIRI.

Dokar gidan ba ta da wuya. Ranar farko ta azumin kwana arba'in da ke kaiwa ga Ista, bayan addu'ar safe, kowa ya rubuta abin da zai bari ya jefa a gwangwani. Ba a faɗa, ba a tambaya, tsakaninka da Ubangiji ne, sai ranar Ista a buɗe. Maman Biyu ta mayar da takardun, ta roƙi gafara a ranta, amma ido ya riga ya gani.

Daɗi kuwa ya kama ta. Ita nas ce, kuma wata uku ke nan tun da tsohon ya dawo gidansu da zama tana yi masa mitar hawan jini. Mijinta sai da ya kai ruwa rana da 'yan'uwansa kafin suka yarda Baba ya zauna a hannunsa, suna cewa matar da ke aikin asibiti ina ta ga lokacin riƙe tsoho. To, ga dama ta samu, za su ga riƙo.

Tun daga ranar aka raba tukunya. Miyar Baba daban, ƙwansa daban, shinkafarsa daban, ko ƙwayar gishiri babu. Kwalbar gishirin kan tebur ma ta ɓoye ta bayan buhun gari, kada Shaiɗan ya samu ƙofa.

Baba Direba ya kai cokalin farko baki, ya tsaya, ya dubi surukarsa, ya haɗiye.

"Baba, ya yi?"

"Ya ƙosar," in ji shi.

Wannan fa mutumin da a da in ya ci girkinta sai ya rantse ya zaga ƙasa goma sha biyu bai ci irinsa ba.

Azumi ya miƙa. Maigida ya daina kunna talabijin lokacin ƙwallo, yana zaune yana kallon baƙin gilashi kamar mai zaman makoki. Tagwayen 'ya'yansu mata suna wuce shagon alewa da gudu. Da yamma a kunna kyandir ɗaya, a yi karatu, a yi waƙa, sannan yaran su kewaye kakansu, domin shekara talatin ya yi yana jan tirela kuma kowace shekara da labarinta.

"Kaka, ba mu na macijin nan! Wanda ka tsaya rabin awa kafin ya gama tsallaka titi!"

Tsoho ya yi ajiyar zuciya. "Na taɓa ganin maciji a hanya. Ya wuce."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ɓarayi arba'in ɗin da a da yake cewa ya kora da sifana suka koma mutum biyu, su ma wai hanya suka tambaya. Maman Biyu na ji daga kicin, tausayi ya cika ta. Jiki ne ba ƙarfi, ta ce a ranta, amma dubi yadda bawan Allah ya dage.

A mako na biyar ya huda wa bel ɗinsa sabon rami. A na shida ta ji shi a baranda yana waya da 'yarsa ƙasa-ƙasa: "Bayan Ista ki zo ki ɗauke ni." Ta ja da baya a hankali. Duk wannan hidima, tukunya biyu kullum, a ƙarshe dangi su ce ita ta kore shi? Ta shiga ɗaki ta sha kukanta, ta fito ta dafa masa wake, shi ma lami.

Ranar Ista, da aka dawo daga coci, aka hau tebur, maigida ya buɗe gwangwani. Ƙwallo, aka yi tafi. Alewa, alewa, aka yi tafi. Ta Maman Biyu ta ce mita, maigida ya ɗaga hannu sama ya ce a ƙara mata wani arba'in ɗin.

"Gishiri," ya karanta ta ƙarshe.

Maman Biyu ta tashi, ta ɗauko kwalbar nan daga bayan buhun gari, ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu. "Baba, ku yafe mini, na ga takardarku tun ranar farko. Shi ya sa na taya ku. Ko sau ɗaya ban bari ya taɓa abincinku ba."

Baba Direba ya dubi kwalba, ya dubi bel ɗinsa, ya dubi surukarsa. Ya dafe kai.

"Wayyo ni! Ni da har na ɗaure kayana, na ce nas ta yanke mini hukuncin rai da rai. 'Yata, wa ya ce miki na miya? Gishirin da nake ƙara wa labari na bari!"