Tabar Mista Teoh

"Yau ma ya kunna," na ce wa mijina Sirajo, ina tura ƙofar baranda da ƙafa, Bintu a kafaɗata.

Tun da korona ta kulle gari, maƙwabcinmu na ƙasan bene a unguwar Danau Kota, Mista Teoh, ya zama shehin malamin giya. Kullum da la'asar sai ya zauna a barandarsa gaban waya, da baƙar giyar da ta shekara cikin gangar katako, da taba mai kaurin rake. Ya kurɓa, ya zuƙa, ya gaya wa masu kallonsa wai yana jin ɗanɗanon cakulan da ƙonannen itace. Mu na sama kuwa ɗanɗanon tari muke ji. 'Yata watanta biyar.

Na leƙa na roƙe shi. "Sori lah, madam," ya ce da irin Turancinsu na nan, ya ƙara busowa. Na rubuta wa masu kula da ginin takarda har uku. Sirajo, gwarzon maza, shawararsa ɗaya ce: in rufe taga.

Ran Laraba na buɗe baranda na shaƙi iska. Tsaf! Ko alamar wari babu. Na shimfiɗa wa Bintu tabarma, na yi ta sumbatarta.

"Abban Bintu, fito ka ga aikin takardata. Wasu kam sai rufe taga."

Ya fito, ya toshe hanci, ya leƙa ƙasa, sannan ya dube ni.

"Surayya, mutumin na nan yana busawa. Ba ki ji ba?"

Na sake shaƙa. Babu komai.

Ya sunkuya a hankali ya ɗauke Bintu daga gabana.

"Sa takunkumi. Mu je a yi miki gwajin korona."