Lambun Kifi na Zangon Gishiri

Da teku ta cinye tsohon Zangon Gishiri, sai aka mai da abin da ya rage wurin shan iska, aka kafa doka kada a ambaci mutuwa gaban baƙi. Mutanen gari suka yarda, don ciki ba ya jin kunya.

Ranar Juma'a Malam Tanko ya shiga jirgin ruwa mai gindin gilashi don ya ziyarci kabarin matarsa da ruwa ya rufe. 'Yarsu Ladidi ce mai yi wa baƙi bayani. Suka bi ta kan masallaci da kasuwar da ya tsufa yana sayar da gishiri a cikinta. Ya hango kututturen kwakwar da ke gefen kabarin ke nan, sai ya ji Ladidi ta ce, "Wannan shi ne lambun kifi."

Ya ɗaga hannu zai yi addu'a.

"Baba, don Allah ka sauke," in ji ta cikin raɗa. "Korata za su yi."

"Ke Ladidi! Mahaifiyarki ce fa kwance a nan."

Bai sauke ba. Wata baƙuwa ta ga tafukansa a buɗe, ta yi murmushi, ta cika masa su da abincin kifi.