Marar Kowa

"Iya, kalma huɗu ce kawai," in ji jami'in jin daɗin jama'a, murya ƙasa-ƙasa. "Doka ta ce aikin ido kyauta na marasa kowa ne. In shugabarmu ta shigo, ki ce ba ki da kowa."

Tsohuwar ta gyara zama a bencin ofishin, ta juyo da idanunta masu yana inda muryar take.

"Uwata ta makance ba ta furta wannan ba, haka kakata. Ba a kaina za a fara ba."

"Haba Iya, taurin kan nan makantar da ke zai yi!"

"In makance ɗin! Don albashinka ya gaza, sai in ce ban haife ka ba?"