Sitikar Auta

Tun ranar da Auta, ƙanin budurwar wani saurayi, ya faɗo daga bayan babur ɗin saurayin ya rasu, saurayin bai ƙara taɓa babur ɗin ba sai yau. Ya wanke shi tas, ya goge tanki har yana ɗaukar ido.

Sai ga budurwar a bakin ƙofa. Ko kallonsa ba ta yi ba, babur ɗin ta ƙura wa ido.

"Ina sitikar da Auta ya manna?"

"Na kankare ta," ya ce. "Don kada ki gani ki tuna."

Ta haɗiye kuka da ƙyar.

"Umma ta ce in rabu da kai, na ƙi, don na zaci tare muke kewarsa. Kada ka ƙara zuwa gidanmu."