Gangar Labbo a Gayyar Bungudu

Tun bugun farko baƙon ya taɓe baki a cikin amawalinsa. Wannan ai ba kiɗa ba ne, sai ka ce akuya na tafiya bisa kwano.

Yana tsaye a gindin wata ɗorawa, a bakin gonar Sarkin Noma Arzika da ke bayan Bungudu, hannuwansa biyu cuse cikin aljihun wata tsohuwar taguwa. Gabansa manoma ne jere da garemani, an taru gayya. A tsakiyar fili kuma ga mai ganga shi kaɗai, cikin wata babbar riga ta saƙi da ta yi masa yawa, har hannunta na rufe masa yatsu. Gumi sai ɗiga yake daga haɓarsa, alhali ko hantsi bai yi ba.

A wancan zamani, kafin mulkin kai, sunan makaɗi yakan riga fuskarsa isa gari. Duk Bungudu an san waƙoƙin Labbo na Tsafe a bakin fatake da direbobin motar gyaɗa, amma ba wanda ya taɓa ganinsa ido da ido. An kuma san abin da ya same shi a Sabon Garin Gusau. Ya fito gaban taro, ya buɗe baki, murya ta ƙi fita, ya tsaya yana makyarkyata har yara suka yi masa ihu. Tun ranar ya rataye ganga, damina ta zo ta wuce ba sau ɗaya ba. Yau ce komowarsa. In ganga ta tashi manoma, sunan ya farfaɗo. In ta ƙi, a wannan gona za a binne shi.

Wani tsoho da ke kusa da baƙon, ana ce masa Buba, ya zungure shi da gwiwar hannu.

“Wanga shi na Labbon da aka hwaɗi? Ko ɗan amshi bai da?”

“An ce da guda ya taho,” in ji wani daga baya. “Shi ma ya ga taro ya ɓace.”

“Matsoraci ne,” in ji baƙon, bai ko dube su ba.

Kuma har zuciyarsa yake jin ƙyamar abin. Dubi yadda ya riƙe gula, kamar mai riƙe da muciya. Dubi yadda ya rataya gangar, ta sauko masa har cinya. Ga shi ya ɗauko taken Sarkin Noma ya tsallake kakansa ɗungurungum. Baƙon ya ji leɓunansa suna ƙarasa baitin da aka bari, ya yi maza ya cije su. Manoma suka fara kallon juna. Wani ya kafa garma a ƙasa ya jingina da ita, ya ciro goro. Sarkin Noma ya sunkuyar da kai.

To, a gama mana, a huta. Abin da baƙon ke faɗa a ransa ke nan. Wanda ya san ƙafarsa ba ta ɗaukarsa, wa ya aike shi?

Sai mai gangar ya yi wani abin da ya ƙara ba shi haushi. Ya juya wa taron baya, ya je ya tsaya gaban wani ramammen manomi da ke can ƙarshen layi, wanda ba shi da suna balle take. Ya kafa wa bakin garmarsa ido, ya shiga kaɗa mata ita kaɗai, a hankali, daidai da saran mutumin. Bai ƙara ɗaga kai ya dubi kowa ba. Dabarar matsorata, in ji baƙon a ransa. An gayyato ka don Sarkin Noma, ka ɓuge da yi wa garma fadanci.

Amma ramammen ya ji a jikinsa. Ya ƙara sauri, gangar ta bi shi. Na kusa da shi ya ga za a bar shi baya, ya tofa yawu a tafi ya kama ƙota. Muryar mai gangar da ke rawa ɗazu ta zauna, ta buɗe. Mai goro ya tofar da goronsa. Kafin a ankara layin duka ya tsimu, ƙasa na tashi, kunya na miƙewa bayan kunya. Matan da suka kawo fura suka ajiye ƙore suna rangaɗa guɗa. Tsoho Buba ya jefar da sandarsa yana rawa da kafaɗa.

“Labbo ya komo! Wallahi shi na!”

Baƙon bai motsa ba. Hannuwansa na nan cikin aljihu, inda ya cusa su tun asuba, tun lokacin da ya leƙo daga bayan rumbu ya hango yawan jama'a. Ya so ya sami kuskure ko ɗaya ya ƙara rainawa, ya rasa.

Rana na karkata aka kai ƙarshen gona. Sarkin Noma ya cire rawaninsa ya naɗa wa mai gangar, ya ce daga yau duk gayyar da za a yi a ƙasar nan, wannan fuska ita ce ta makaɗinsa. Aka ɗaga shi sama ana kiran Labbo, Labbo. Ya waiga sau ɗaya wajen ɗorawa, kamar mai neman izini, sannan ya amsa sunan.

Tsoho Buba ya bi inda ya waiga, ya ƙare wa baƙon kallo daga taguwa har rawani.

“Ashe kai na ɗan amshin da yag gudu? Tir da kai. Taho ka ɗaukar wa maigidanka ganga, ko ita ma tsoronta ka kai?”

Aka yi dariya, aka turo shi gaba, aka ɗora masa ita. Maratayin ya faɗa daidai kan tsohuwar kantar da ya yi masa a kafaɗa tun yana saurayi. Haka Labbo na Tsafe ya shiga Bungudu ɗauke da gangarsa, yana bin bayan Yusha'u, ɗan amshin da shi da hannunsa ya zura wa rigarsa da asuba, ya tura shi fili.