Igiyar da Malam Shitu Ya Ɗaura a Kan Keke

Masarar Malam Shitu ta yi kyau a bara, kyan da ya hana shi sukuni. Gonarsa tana bakin hanya ne, a wani ƙauye tsakanin Bakori da Malumfashi, kuma duk safiyar da ya leƙa sai ya tarar an ɓalle masa masarar kunya ɗaya ko biyu. Shi kaɗai ne mai ƙarfi a gidan. Daga matarsa Inno sai 'yan matansa uku ƙanana da tsohuwarsa, dukkansu da ƙarfin jikinsa suke cin tuwo.

Sai ya ce bari ya samo kare, ko haushi ne ya riƙa yi ɓarawo ya san akwai ido a wurin. Ranar wata Juma'a da hantsi ya hau kekensa zuwa rugar abokinsa Mati. Mati ya zaɓo masa ɗan kwikwiyo ja mai farin wuya, ɗan wata biyar, sannan ya jawo wani kwando.

"Sa shi a nan mu rufe, mu ɗaure maka a bayan keken."

Malam Shitu ya dubi farar rigarsa. Niyyarsa ya ajiye karen a bukkar gona, ya zarce masallaci.

"Haba Mati, in ɗora kare a bayana yana lasar mini riga? Da wane kayan zan yi salla?"

"To bar shi, gobe ka dawo da kayan gona."

"Gobe kuma? Kafin goben sun ƙara kwashe mini kunya biyu."

Ni dai ban ga laifinsa a kan kiyaye tsarki ba. Gaggawa da taurin kai, su suka ja masa. Ya karɓi doguwar igiya, ya zarga wa ɗan karen a wuya, ya ƙulle ɗaya bakin a kan kekensa, wai ya riƙa binsa a guje daga nesa.

Mati ya girgiza kai. "Malam, wannan fa bai taɓa taka kwalta ba, bai san mota ba."

"Ai kare gudu ne sana'arsa," in ji Malam Shitu yana dariya.

A 'yar hanyar daji komai lafiya lau. Ɗan karen yana biye, harshe a waje, yana haki. Da suka hau kwalta ne lamari ya sauya. Lokacin kaka ne, motocin hatsi sai kai da kawo suke yi. Wata babbar mota ta taho daga bayansu, direban ya danna hon.

Ɗan karen ya firgita, ya yanka a guje ta gaban keken yana neman wurin ɓuya. Igiyar ta naɗe a tayar gaba, kan keken ya juye lokaci guda. Malam Shitu ya kifa tsakiyar titi. Direban ya taka birki iya ƙarfinsa, amma ina, mota ce mai lodi. Ta bi ta kan ƙafarsa ta dama.

Mutane suka kwashe shi zuwa asibiti. Likitoci sun yi bakin ƙoƙarinsu, amma ƙashin ya ragargaje, sai da aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Kwana uku yana kwance a gadon asibiti. A rana ta huɗu, Inno tana ba shi kunu, ya dube ta.

"Ina ɗan karen nan?"

"Ya mutu tun a wurin, Malam. Igiyar ce ta shaƙe shi."

Ya juya fuskarsa bango. Inno ta ce tunda aka kawo ta gidansa ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

"Bai yi mini komai ba," ya ce. "Ni na kashe shi, na kuma kashe muku gida."

Maƙwabta sun yi masa gayyar girbi, Allah ya saka musu, amma sai da kowa ya gama da tasa gonar. Abin da ɓarayi da dabbobi suka bari bai kai rabin rumbu ba, tun kafin bazara ya ƙare. Da damina ta sauka bana, wani aka ba gonar ya noma a raba. Wallahi abin tausayi, kullum da safe za ka gan shi a bakin zaure da sandunansa biyu, yana amsa gaisuwar masu wucewa da fartanya a kafaɗa. Ranar da 'yar autarsa ta tambaye shi yaushe zai koma gona, sai ya dubi sandunansa.

Jama'a, kada wanda ya ɗaura igiyar dabba a jikin keke ko babur, domin dabba ba ta san titi ba, kuma firgita ɗaya ta isa. In za ka ɗauki ɗan kare, sa shi a kwando mai murfi ka ɗaure tam a baya. In ba hali, sauka ka ja shi a ƙasa, ko ka haƙura sai wata rana.