Tarkon Casa'in da Tara

Wallahi, abokina, ko na dafa Alƙur'ani ba za ka yarda ba, amma gyara zama ka ji. Ni ɗin nan da na bar jami'a a aji biyu, ni ke ɗaure manhajar lissafin ƙungiyarmu, irin ta kyauta wadda kowa zai iya buɗe cikinta ya karanta. Daktoci su rubuta lissafinsu, ni in tattara shi ƙunshi guda, yadda mai Windows zai danna sau biyu kawai ta zauna masa daram. Hatimin ƙungiya ma a hannuna yake, ƙunshin da ban buga wa ba ba ya fita. Shekara huɗu ba a taɓa dawo mini da kaya ba. Sai ga wani Dakta ya ce a gaban mutane wai ni ɗan dako ne kawai. To fa! Na koma na dasa layi uku a cikin sabon ƙunshin: duk kwamfutar da ke ɗauke da sunansa, sandar da ke nuna lodin manhaja ta hau har kashi casa'in da tara cikin ɗari, ta tsaya cak, ta sulale ta koma sifili. Ba ɓarna na nufa ba. So nake ya tako da ƙafarsa ya ce, "Don Allah, Injiniya."

Ranar ƙaddamarwa zaure ya cika da malamai da ɗalibai, aka kira ni in nuna gwaninta. Na sha babbar riga, na hau ina taƙama. Sai kwamfutata ta ƙi haɗuwa da majigi. Wa zai miƙo tasa da fara'a? Dakta! Ba halin ƙi. Na danna, sanda ta hau, ta sulalo. Na sake, ta sulalo. A karo na uku gumi ya jiƙa wuyan rigar. Dakta ya buɗe rubutun ƙunshin, majigi ya haska shi a bango. Ga layukan nan ɓaro-ɓaro, sunansa a ciki, nawa a gefe, har da ranar da na dasa su. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce aikin dai ya yi tsafta. Ka ji shaidar gwani! Nan take aka karɓe hatimin, aka nuna mini kwamfutoci sittin na ɗakin ɗalibai in loda musu manhajar ɗaya bayan ɗaya, yana zaune yana kallona. Shi ya sa magabata suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.